Kafiretar Ƙarin Gudu: Laifin Ƙarfe ne ko na Mai Saye?

Tun farkon shekarun 1990 aka daina sayar da sabuwar mota mai kafireta a Amurka, injekta da kwamfuta suka karɓe aikin gauraya fetur da iska. Gasar tseren NASCAR ce ta yi ta jan ƙafa, ita ma babban rukuninta ya sallama a 2012. Amma kasuwar kafireta ba ta mutu ba. Masu tsofaffin Mustang da Camaro, da masu haɗa injin V8 a garejin gida, har gobe suna sayen sabuwa dal a kwali daga Holley ko Edelbrock, masu ƙananan motocin Turai kuma su nemi Weber. Sai dai bakinsu cike yake da ƙorafi: ta yanzu ba kamar ta da ba ce, tana yoyo, tana ambaliyar mai, silo ba ya zama.

Tsarin dai bai sauya ba. Holley 4150, wadda ake ta sarrafa jikokinta har yau, ta fito ne a 1957. Samfurin Performer na Edelbrock kuwa daga Carter AFB aka gado shi, tsarar waccan. Kamfanin Weber da Edoardo Weber ya kafa a Bologna a 1923 ya daina ƙira a Italiya a 1992, aikin ya koma Madrid. Abin da ya yi wa miliyoyin motoci aiki shekara da shekaru ba zai wayi gari ya zama banza ba. To me ya faru?

Akwai ƙorafin da yake da gaskiya tsantsa, wato na kwaikwayo. Intanet ta cika da kafiretoci masu kama da Weber 32/36 ko Holley, akasari daga Sin, a farashin da bai kai rabin na asali ba. Daga waje ba ka bambance su. Sai an kwance ake ganin aika-aika: ɓurɓushin ƙarfe a cikin hanyoyin mai, sandar totur tana wasa a mazauninta tana zuƙo iskar da ba a lissafa da ita ba, lambar da aka buga a jikin jet daban da faɗin hudarsa. Ba duka ne marasa kyau ba, kuma nan ne matsalar take. Biyu daga masana'anta ɗaya, wannan ta yi aiki lafiya lau, waccan ta gagari bakanike, domin abin da aka rage don a karya farashi shi ne gwajin kowace ɗaya kafin ta fita. Manyan kamfanonin ma sun sha matsi da kasuwa ta tsuke. Holley ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2008 da kuma 2009 kafin ya farfaɗo.

Sai batun man kansa. Dokokin makamashi na 2005 da 2007 sun sa yawancin fetur a Amurka yana ɗauke da etanol kashi 10 cikin 100. Kwanon mai na kafireta a buɗe yake ga iska, etanol kuma yana janyo damshi. Motar sha'awa takan kwana wata huɗu ko biyar a ajiye lokacin sanyi, ruwa ya taru a gindin kwano ya ci ƙarfen, ya bar wani farin gari da ke toshe ƙananan hudoji, robar famfon totur kuma ta bushe ta tsage. Duk wanda ya taɓa barin mai a janareta wata da watanni ya san ƙarshen labarin. Ga shi man yanzu yana saurin tafasa: a kashe inji da zafi, man kwano ya tafarfasa ya zube ciki, a dawo bayan minti ashirin mota ta ƙi tashi. Mai motar ba zai zagi gidan mai ba, kafiretar da ya saya makon jiya zai zaga.

A ganina, kaso mafi girma na abin da ake kira rashin inganci yana hannun mai saye ne. Lokacin da kamfani ke ɗora wa mota kafireta irin su Rochester Quadrajet, injiniyoyi sun riga sun daidaita ta da wannan injin, da giyarsa, da nauyin motar. Wadda ake saye a kwali kuwa an saita ta ne tsaka-tsaki, don ta tayar da injuna iri-iri, sauran aikin na mai ɗaurawa ne. Mutane da yawa ba su san da haka ba.

Dubi zancen girma. Ana auna kafireta da yawan iskar da ke ratsa ta a minti guda, ma'aunin da ake kira CFM. Injin Chevrolet 350, mai lita 5.7, ko da ya kai juyi 6,000 a minti, buƙatarsa a lissafi ba ta wuce 600 da 'yan kai ba, kuma injin titi ba ya cika silindarsa taf, don haka 500 da ɗoriya ta ishe shi. Amma sai mutum ya sayo mai 750 ko 850, saboda babba ta fi daɗin faɗa a cikin abokai. Maƙogwaro mai faɗi yana rage saurin iska, iska maras sauri ba ta jan mai da kyau, sai a taka totur mota ta shaƙe kafin ta ɗauka. Haka ƙarfin famfon mai: Weber tana son kusan psi 3, Edelbrock ba ta son a wuce 6, amma a haɗa su da famfon tsere, mai ya ture allurar da ke tare shi ya yi ambaliya. Makanikan Amurka suna yawan cewa akasarin ciwon kafireta a wuta yake, wato lokacin tartsatsin fulogi ne bai daidaita ba. Waɗanda suka iya sauraron inji su gane haka kuwa tsufa na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, matasan da ke tasowa sun fi sabawa da na'urar karanta kwamfutar mota.

Sakamakon ya rabu gida biyu. Wasu sun gaji, sun koma ga injekta mai siffar kafireta wadda ake ɗaurawa a mazauni ɗaya, kamar Sniper da Holley ya fitar a 2016 ko na FiTech. Tana saita kanta, tana tashi da sanyi ba gardama, amma tana buƙatar famfo mai ƙarfin da ya kusa psi 60 da wayoyi masu tsabta, kuma in ta mutu a hanya sukudireba ba ta tayar da ita. Wasu kuma sun juya baya, suna farautar tsofaffin kafiretoci na asali su sake musu gasket da robobi masu jure etanol. Wani abin dariya shi ne, na'urar zamani ce ta fi taimakon masu riƙo da tsohon yayi: ma'aunin iskar hayaƙi da ake dasawa a salansa yana nuna wa direba ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, yana tuƙi yana gani. Da shi, ko kafiretar kwaikwayo ana iya lallaɓa ta ta yi aiki, muddin ƙarfenta ba ya tsatsar mai kuma mai ita ya yarda ya kwance ta ya wanke, ya duba tsayin mai a kwano, tun kafin ya ɗaura ta a kan inji.