Kayan Salla da Goron Salla a Fagge da Sabon Gari

A al'adar Bahaushe, hidimar da uba ke yi wa ɗansa ba ta rataya a kan ranar haihuwa ba. Da an yanka ragon suna ran bakwai shi ke nan, sai fa sunan rana, watau irin su Ɗanladi ko Asabe. Ɗawainiyar da ke zagayowa kowace shekara ita ce kayan salla.

Tun azumi bai raba ba, magidanta kan cika Kantin Kwari a Fagge suna yankar shadda da atamfa, sa'an nan su zarce kasuwar Sabon Gari neman takalma da huluna. Nauyin kuwa ba a tsadar yadi kaɗai yake ba, yana ga yawan kawuna: mai mata biyu tilas ya daidaita tsakanin ɗakuna, in ba haka ba ya sayi rigima da kuɗinsa. Galibi uwa kan cike giɓi da adashi. Ga ladan tela, wanda kan hau in jajibere ya matso. Yaron da ba a yi wa ɗinki ba yakan ƙi fita yawon salla, ya yi asarar goron salla, wanda sunansa kawai goro, amma kuɗi ne.

A Sabon Gari, unguwar da aka kafa wajen 1913 domin baƙi 'yan Kudu, kusan haka Kirista ke yi da Kirsimeti. Bikin zagayowar ranar haihuwa kuwa baƙo ne. Bai ma sami gajeren suna a Hausa ba, kuma kuɗinsa ƙari ne a kan na salla.