Halitta ɗaya, sunaye biyu: abin da ya rikita intanet kan jelifish mai komawa yarinta

Idan ka taɓa cin karo da bidiyon "halittar da ba ta mutuwa" a TikTok, gwada neman sunanta a Google. Wani shafin zai ce maka Turritopsis nutricula, wani kuma Turritopsis dohrnii. Wanne ne daidai?

Jelifish dai wata halittar teku ce mai jiki kamar lema, ba ƙashi ba ƙwaƙwalwa. Wannan da ake magana a kai ba ta wuce milimita 4 zuwa 5 ba. Idan ta ji rauni ko yunwa ko tsufa, takan narke ta koma matakin ƙuruciya ta sake girma. Batun rashin mutuwa kam zuzutawa ce, kifaye na cinye ta.

Matsalar ta samo asali ne daga kamanni. A 1857 John McCrady ya raɗa wa wadda ya samu a gaɓar Charleston ta Amurka suna nutricula. A 1883 Bajamushe August Weismann ya bayyana ta tekun Bahar Rum, ya sa mata dohrnii don karrama Anton Dohrn, wanda ya kafa cibiyar binciken teku ta Naples a Italiya. Daga baya masana suka ɗauka duk abu ɗaya ne. Shi ya sa binciken 1996 da ya fito da labarin komawa yarinta ya yi amfani da nutricula, alhali da ta Bahar Rum aka yi gwajin. Sai da aka gwada ƙwayoyin gado, musamman a binciken Maria Pia Miglietta da abokan aikinta na 2007, aka tabbatar jinsuna ne daban. Mai komawa yarintar dohrnii ce.

Amma intanet ba ta goge tsohon rubutu. Shafuka sun yi ta kwafar juna, manhajojin AI kuma daga irin waɗannan shafukan suke koyo, don haka kada ka yi mamaki idan wata ta ba ka tsohon sunan da cikakken ƙarfin gwiwa.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon: ba a riƙe bayanai da suna, domin suna na canzawa. Rumbun WoRMS, mai rajistar halittun teku, kowane suna lamba yake ba shi, AphiaID, ya kuma nuna ko sunan karɓaɓɓe ne. Kafin ka tura bidiyon a guruf, shiga marinespecies.org ka duba, kyauta ne.