Me Ya Sa Hoton Fari da Baƙi Kan Fito da Tsanwa-Tsanwa?

Sau da yawa akan buga hoton fari da baƙi a firinta mai fesa tawada, sai ya fito da tsanwa-tsanwa ko shunayya-shunayya, a yi asarar takarda da tawada.

Dalili kuwa shi ne, yawancin firintocin gida baƙar tawada ɗaya gare su. Domin samar da launin toka, sukan gauraya ƙananan ɗigo na tawada uku: shuɗiya mai haske, ja mai shigen shunayya, da ruwan ɗorawa. Da zarar ɗaya ta ɗan rinjayi sauran, idon ɗan Adam zai gane, domin a tantaninsa akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, waɗanda ƙwaƙwalwa ke kwatanta saƙonninsu. Haka kuma tokar da aka haɗa ta wannan hanya takan sauya kama daga hasken rana zuwa na fitilar lantarki.

Saboda haka ne a shekarar 2005 kamfanin Epson ya fitar da firinta R2400, mai baƙar tawada da tawadar toka iri biyu.

Wanda ba shi da irinta, sai ya umurci firintarsa ta yi aiki da baƙar tawada kaɗai. Launin zai gushe, ko da yake ɗigon zai ɗan bayyana. Ya kuma zaɓi ainihin nau'in takardarsa a kwamfuta, sannan ya bar hoton ya kwana ya bushe kafin ya yanke masa hukunci, a hasken da za a rataye shi.