Kafin A Ɗora Sifika A Mota: Takarda Tsakanin Mai DJ Da Mai Biki

Ɗan Issa gari ne na bakin iyaka a gundumar Madarunfa. Wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi Katsina, nan ne babban zangonsa na ƙarshe a ƙasar Nijar kafin ya tsallaka Magama da Jibiya. Auratayya tsakanin tsallaken nan da wancan ta girmi iyakar kanta, don haka da zarar damina ta ɗauke, an cire gero da gyaɗa, sai bukukuwa su kankama ta ko'ina. A yau kuma da wuya a yi bikin matasa ba a kira mai DJ ba. Shi zai zo da sifikoki da mikisa da makirufo da injin wuta, ya kafa su a ƙofar gida ko a fili, ya yi ta juya waƙoƙi har taro ya watse. Abin da 'yan rawa ba sa gani shi ne na washegari, lokacin da mai DJ ke zarya gidan ango neman cikon kuɗinsa, ana ce masa ya bari a huce gajiya.

Wannan zarya tana da asali. Makaɗin fada a Maraɗi ko Katsina ba ya ciniki da ubangidansa. Ya yi kiɗa, a ba shi riga, ko doki, ko damin hatsi, gwargwadon girman mai bayarwa. Marigayi Mamman Shata ya samu motoci daga attajirai ta wannan hanya. A wancan tsari, makaɗi ya tambayi nawa za a ba shi rashin ta-ido ne, mai biki ya ba da kaɗan kuwa abin gori ne har jikoki. Kunya ce ke tsare haƙƙin kowa. Mai DJ ya gaji wannan al'ada ta "zo kawai, ba za mu ɓata ba", amma bai gaji sauƙin kayan aiki ba. Mai kalangu ya rataya abinsa a kafaɗa ya tafi, in an hana shi ya yi asarar yini. Mai DJ kuwa ya zuba jari a kayan da wani lokaci bashi ne, wani lokaci haya, ya ɗauko mota, ya sayi mai, ga yara biyu ko uku masu dako da haɗa waya da ke jiran sallama. In an hana shi, daga aljihunsa zai biya waɗannan duka. Ɗan kasuwa ne, ko da kiɗa yake sayarwa, kuma ɗan kasuwa da rubutu aka san shi.

Da an ce kwantiragi sai hankalin mutane ya tafi ga lauya da hatimi da Faransanci mai wuyar fahimta. Abin bai kai nan ba. Rabin shafi ya isa, da Hausa, a boko ko ajami, kwafi biyu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu. Dokar farar hula ta Nijar, wadda aka gada daga Faransa, a sashenta na 1134 ta ɗauki yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida a matsayin doka a kan waɗanda suka ƙulla ta. Ta baka ma yarjejeniya ce, sai dai ranar da gardama ta tashi kowa zai tuna abin da ya yi masa daɗi. Ta fuskar addini ma ba baƙon abu ba ne, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Cikon kuɗin da za a biya bayan biki kuwa bashi ne.

Sunan mai biyan kuɗi ne farkon abin rubutawa, kuma a nan ake yawan zamewa. Abokan ango ne suka kira, ƙawayen amarya ne suka yi ciniki, uwar biki ce ta ce za ta cika. Taro na watsewa kowa ya nuna wani. A rubuta mutum ɗaya, da unguwarsu da lambar wayarsa, wanda shi za a tambaya.

Sai kuɗin kansa, wanda a Ɗan Issa ya fi na ko'ina rikitarwa, domin kuɗi biyu ke yawo a kasuwa. Ba ya wadatarwa a ce "dubu hamsin", sai an faɗi na wace ƙasa. Lissafin baki ma tarko ne: jaka a Maraɗi sefa 1,000 ce, a Katsina kuwa naira 200, ga kuma dala da ke nufin sefa 5. A rubuta adadin da lambobi, a sa sefa ko naira a gabansa. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023 ta zube, dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yi ciniki da naira watanni kafin biki a irin wannan lokaci, ranar biya abin da zai canza bai kai abin da ya yi lissafi ba. Mai DJ na wannan tsallake da aka kira shi Jibiya ya fi samun kwanciyar hankali in an yanke kuɗin da sefa, a biya da naira bisa canjin ranar biya.

Kuɗin kafin alƙalami ya cancanci a daɗe a kansa, saboda shi ne tushen yawancin rigima. Mai biki ya ba da wani abu, mai DJ ya kama masa rana, ya mayar da wasu masu nema. Kwana biyu kafin biki sai a ce an fasa, ko an samu wani mai rahusa, a dawo da kuɗi. Na wane ne? Dokar da aka gada daga Faransa ta san iri biyu. Akwai wanda ke ba kowa damar janyewa: mai bayarwa in ya fasa ya yi asararsa, mai karɓa in ya fasa ya mayar da ninki biyu. Akwai kuma wanda somin biya ne kawai, ciniki ya riga ya faɗa, wanda ya karya zai biya diyyar ɓarnar da ya jawo. A fiƙihu ma akwai saɓani. Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, ba ta yarda mutum ya riƙe kafin alƙalami haka kawai don ɗayan ya fasa ba, a saye ne ko a haya. Hanbaliyya ta halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta amince da shi muddin an ƙayyade lokacin jira. Tunda abin haka yake, barin sa a duhu gayyatar faɗa ce. A ganina hanya mafi tsafta ita ce a rubuta matakai: wanda ya fasa da sauran mako biyu, misali, a mayar masa da kuɗinsa; wanda ya fasa a kurarren lokaci, a cire abin da mai DJ ya riga ya kashe na mota da mai da yara, da wani kaso da aka amince tun farko saboda ranar da ya rasa. Cikon kuɗi kuma a karɓe shi kafin a kunna inji. Bayan an gama rawa, mai DJ ba shi da sauran abin riƙewa.

Lokaci: daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma kowace awa da aka ƙara nawa ce. A rubuta cewa za a kashe sauti lokacin kiran salla. Wannan layi ɗaya ya isa ya raba mai DJ da maƙwabta da yawa.

Liƙi kuma na wa? Tambayar kamar wasa, amma ta sha raba abokai. In an liƙa wa amarya, nata ne. In an liƙa wa mai DJ saboda ya ambaci sunan wani, nasa ne. To wanda ya zuba a ƙasa tsakiyar fili fa? Ga mai gabatarwa, ga mawaƙin da aka gayyato, ga ƙawaye da ledarsu. Wasu masu biki ma kan ce ai liƙin da ka samu ya isa ciko. A yanke tun farko: liƙi kyauta ce a kan kuɗin aiki, ko kuwa yana cikin lissafi, kuma wa zai tsince, wa zai raba.

Wuta ba abin dogaro ba ce. Layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake shigowa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. Saboda haka inji dole ne, mai kuma dole. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a ƙarshen Mayu na 2023, man 'yan ruwa-ruwa da yankin ya saba da shi ya daina araha. Takarda ta faɗi wa zai kawo inji, wa zai sayi mai, lita nawa. In mai biki ne ya ce a jona da wutar gidansa ko injinsa, wuta ta yi ƙarfi ta ƙone amfilifaya, ya san da sani cewa gyara a wuyansa yake. Haka in 'yan biki suka yi faɗa aka ture sifika, ko aka ɗauke makirufo, ko ruwan sama ya sauko babu rumfa. A lissafa kayan da aka kawo a bayan takardar, a ɗauki hotonsu da waya kafin a fara.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. Rasuwa na iya faɗowa a gidan biki ko a maƙwabta. Hukuma na iya hana taro, kamar yadda aka yi a 2020 lokacin korona. Iyaka na iya rufewa: Najeriya ta rufe nata a Agustan 2019, aka sake rufewa bayan takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, Cedeao, a 2023 har zuwa Maris na 2024. Ga matsalar 'yan bindiga da ta addabi dazuzzukan Madarunfa da Jibiya, wadda ta sa tafiyar dare da kaya ta zama kasada. Mafi adalci a irin wannan shi ne a ɗaga rana, kafin alƙalami ya bi sabuwar ranar. In biki a ƙauye ne, a rubuta cewa mai biki zai ba da masauki da wurin ajiye kaya har gari ya waye. Neman izinin taro daga ofishin magajin gari ko mai gari, da sanar da jandarma, aikin mai biki ne, a rubuta haka. Wanda zai tsallaka Najeriya ya ƙara kula, domin Katsina da Kano suna da hukumomin Hisba masu sa ido a kan shagulgulan biki, kuma in an zo kamawa kayan mai DJ ake fara ɗauka, ba na ango ba. Muhawarar malamai a kan kiɗa tana nan, ba ita ce a gabanmu ba. Amma wanda ya kira mutum ya sa shi aiki bai da hujjar fakewa da ita ranar biya.

Kada mai biki ya ɗauka takardar nan makami ce a hannun mai DJ kaɗai. Su ma masu DJ suna da nasu halin. Akwai mai karɓar kafin alƙalami a gida biyu rana ɗaya, ya je inda aka fi tsoka, ya tura wa ɗayan yaronsa da sifika mai shaƙaƙƙiyar murya. Akwai mai zuwa bayan awa uku. Akwai mai saka waƙar batsa a gaban surukai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai biki na da damar a rubuta masa cewa wane da kansa zai zo, da sifika kaza, zai gama haɗa kaya kafin lokaci, ga irin waƙoƙin da ba a so, kuma in bai zo ba zai mayar da kuɗi har da ƙari.

Waƙoƙin da ake juyawa ma suna da masu su. A Nijar hukumar BNDA ce ke karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa a kan kiɗan da aka saka a bainar jama'a. A bikin gida ba a cika tada maganar ba, amma in gala ce ta sayar da tikiti, ko taron kamfani, ko na siyasa, a rubuta cewa mai shirya taron ne zai ji da wannan.

To in an yi duk wannan kuma aka ƙi biya? Ba sai an fara da kotu ba. Dokar sarakunan gargajiya ta Nijar ta 2015 ta ba mai gari da sarki hurumin sasanta irin wannan rikici, kuma sasanci ya fi sauri in akwai takarda a hannu da shaidu a raye. In abin ya gagara sai a nufi kotun Madarunfa. Rasiɗin tura kuɗi ta Nita ko Amana, da saƙon murya na WhatsApp inda aka faɗi farashi da rana, duk suna ƙarfafa magana. Kada a goge su sai an gama sallamar juna.

Babban cikas dai shi ne fuska. Mai DJ na tsoron ya fito da takarda a ce masa, "Haba ɗan'uwa, ba ka yarda da ni ba ne?" ya rasa aikin, a kira na gaba da shi. Tsoron na da dalili, kuma mutum ɗaya ba zai iya kawar da shi ba. Amma in masu DJ na Ɗan Issa da Madarunfa da Maraɗi suka zauna suka amince da takarda iri ɗaya, aka buga ta da yawa a shagon kwamfuta, ya zamana duk wanda aka je wurinsa ita zai miƙo, ba wanda zai ƙara jin an raina shi. Ku zauna ku tsara ta tun yanzu, ku kai wa sarki da ofishin magajin gari kwafi su san da ita, kafin kakar bukukuwa mai zuwa ta kama.