Shan taba da kayan nikotin a sashen gaggawa

Shan taba yana cikin manyan dalilan da ke kai mutane sashen ba da agajin gaggawa na asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Tun da sigarin lantarki da ƙullin nikotin da ake dasawa a leɓe suka yaɗu, tambayar "kana shan taba?" ta daina wadatar da likita. Sai ya san ainihin abin da majinyaci yake sha, domin illar hayaƙi daban, illar nikotin daban.

Illar hayaƙi

Mafi yawan cututtukan taba daga ƙonewar ganyen suke fitowa. Hayaƙin yana lalata bangon jijiyoyi, yana sa jini saurin daskarewa, abin da ke jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A huhu kuwa yana tayar da asma da cutar toshewar hanyoyin numfashi, yana kuma ƙara haɗarin ɓulewar huhu, inda iska ke taruwa a cikin ƙirji ta danne shi. Karaya da raunin tiyata sukan daɗe ba su warke ba a jikin mai shan taba.

Akwai kuma iskar kabon monoksaid, wadda ke manne wa jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa ba ta bambance su biyun, don haka takan nuna oksijin ya wadata alhali jiki yana cikin ƙarancinsa. Wannan ya fi shafar masu shan shisha, saboda gawayin da ake ɗorawa a kanta. An sha kai matasa asibiti da ciwon kai, jiri ko suma bayan zaman shisha a ɗakin da iska ba ta shiga, kuma gwajin jini ne ke tabbatar da dalilin.

Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, irin su theophylline na ciwon numfashi, da clozapine da olanzapine na taɓin hankali. Idan aka kwantar da mai shan ɗayansu ya daina taba kwatsam, ko ya koma sigarin lantarki, maganin yakan taru a jininsa cikin 'yan kwanaki har ya zama guba. Ba nikotin ke haddasa wannan ba, saboda haka filastar nikotin ba ta hana shi. Sai an rage yawan maganin.

Sigarin lantarki

Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye. Yana ɗumama wani ruwa ne har ya zama tururi, kuma gubar da ke cikin tururin ba ta kai ta hayaƙi ba. Sai dai yana da nasa haɗurran.

A shekarar 2019 wata cutar huhu da aka sa wa suna EVALI ta ɓarke a Amurka. Yawancin waɗanda ta kama matasa ne, suna zuwa da tari, sarƙewar numfashi, zazzaɓi da amai, har akan ɗauka ciwon nimoniya ne. Zuwa watan Fabrairun 2020, hukumar CDC ta ƙirga mutum 2,807 da cutar ta kwantar ko ta kashe, 68 daga cikinsu sun mutu. Bincike ya ɗora laifin a kan sinadarin bitamin E asitet, wanda ake gaurayawa da ruwan da ke ɗauke da THC, sinadarin tabar wiwi, musamman wanda aka saya a bayan fage. Wasu majinyata sun ɓoye abin da suka sha don tsoron doka, abin da ya wahalar da gano cutar.

Ruwan da ake ɗura wa na'urar guba ne ga ƙananan yara, ga shi da ƙamshin alewa ko 'ya'yan itace. Yaron da ya haɗiye shi yakan fara da amai, dalalar yawu da saurin bugawar zuciya, idan ya yi yawa kuma sai farfaɗiya da ɗaukewar numfashi. A watan Disambar 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya mutu ta wannan hanya a jihar New York. Batirin na'urar ma yakan fashe a aljihu ko a baki, ya ƙona cinya, hannu ko fuska.

Taimakon daina sha

Mai shan taba yakan fara jin ƙishin nikotin cikin 'yan sa'o'i, sai ya shiga rashin natsuwa da saurin fushi, wani ma ya fice kafin a gama duba shi. Filasta ko cingam na nikotin suna kwantar da wannan.

Likitoci da dama suna ganin lokacin jira a sashen gaggawa dama ce, domin nan ake samun mutanen da ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. An gwada haka a Birtaniya a 2022, a binciken COSTED da Jami'ar East Anglia ta jagoranta a asibitoci shida, da mutum 972. An ba rabinsu gajeriyar shawara da sigarin lantarki kyauta, aka kuma haɗa su da ofishin taimakon daina taba, sauran kuwa takardar bayani kawai aka ba su. Bayan wata shida, gwajin numfashi ya tabbatar da kashi 7.2 cikin ɗari na rukunin farko sun daina, a rukuni na biyu kuwa kashi 4.1. Bambancin na gaske ne, ko da yake yawancin mutanen rukunonin biyu ba su rabu da tabar ba.

Ba a yi ittifaƙi a kan wannan hanya ba. Hukumomin lafiya na Ingila suna ɗaukar sigarin lantarki a matsayin abin taimako ga babban mutum mai son rabuwa da taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayan haka ba, tana nuni da yadda yara ke kamuwa da shi, yayin da Indiya ta haramta sayar da shi gaba ɗaya a 2019.