Gargaɗi ga Direbobi da Masu Mota na Tasawa da Mayahi: Ku Duba Kan Injinku Yau

Ƴan'uwa direbobi, masu mota da makanikai na Tasawa da Mayahi, da ku nake. Ku tsaya ku saurara. Kayan jabu sun shiga kan injinan motocinmu. Mu da kanmu muke biyan kuɗi a ɗaura mana su.

Ka tada mota da asuba, ka ji "kas-kas-kas" daga saman inji? Ka ga shuɗin hayaƙi ta salansa kafin inji ya ɗau zafi? Tudun rairayin da motarka ke hawa a giya ta biyu, yau sai fasinja sun sauka sun tura? Baƙin mai yana raguwa, ba ka ga inda yake zuba ba? To kada ka ce sai an tashi daga kasuwa. Kada ka ce sai an gama kakar gyaɗa da wake. Ɓarna ta riga ta fara.

Ga abin da ke ƙarƙashin murfin nan. A cikin kan inji, wato kulas, akwai sandan ƙarfe mai tozaye. Shi ne arbarkam, ko kamshaf. Tozayen nan ne ke danna supap su buɗe, iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Sifirin ne ke maido su su rufe. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, sandan yana juyi 1,500. Kowane supap yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda. Sau 90,000 ke nan a awa ɗaya. Daga Tasawa zuwa Maraɗi, ta Gazawa da Agye da Cadawa, sau nawa zai yi? Wane ƙarfe ka ba wannan aiki? Ka san inda aka ƙera shi?

Sandan asali an gasa fuskar tozayensa har ta taurara. Shi ya sa yake shekaru yana gogayya bai ci ba. Na jabu kuwa sheƙi ne a ido, taushi a jiki. Kwalinsa mai kyau, da sunan kamfani a kai. Amma da ya shiga aiki sai ya fara cinyewa. Tozo ya lafe, supap ya daina buɗewa sosai, mota ta rasa ƙarfi. Garin ƙarfen da ke zuba ina yake zuwa? Cikin baƙin mai. Mai ya kwashe shi ya kai wa kusine, ya kai wa famfon mai, ya kai ko'ina. Ka sayi abu ɗaya mai arha, ya ci maka inji duka.

Supap na jabu bai jure wuta. Bakinsa ya ƙone, inji ya fara rawa, tashi ya yi wuya. Sifirin mai rauni bai maido supap da sauri in ka taka mota. Piston na tahowa, supap bai koma ba. Me ya rage? Karo.

Sai babban abin tsoro, bel ɗin tayimin, kuruwar da ke haɗa sama da ƙasan inji. Hilux da Hiace masu injin gazuwal 2L, 3L da 5L da bel suke aiki. Haka Land Cruiser mai injin 1HZ. A yawancinsu ƙa'ida ita ce a canza shi a kilomita 100,000. Akwai ma fitila a gaban direba mai rubutun T-BELT. Mutum nawa suka sa aka kashe fitilar nan ba a taɓa bel ba? Mota nawa ce kwantarta ta mutu tun tuni, ba wanda ya san tafiyar da ta yi? Bel bai yin kashedi. In ya tsinke ana cikin gudu, piston ya doki supap. Supap su lanƙwashe. Wani lokaci sandan ya karye, kulas ya tsage. A ƙiftawar ido mota ta zama gawa.

A ina zai tsinke? A ƙofar gareji? A'a. A dajin Urafan zai tsinke, da tsakar rana, ba ruwa ba inuwa. A hanyar Kanambakashe ko Isawan zai tsinke, da mai naƙuda a bayan mota, ana neman asibitin Mayahi. Ko kuwa kan babban titin Maraɗi zuwa Damagaram, cikin dare. Mota ta tsaya a kan kwalta, manyan motoci na tahowa a guje. Wa zai gan ka? Wa zai taka birki a kan lokaci? Maganar ta wuce asarar kuɗi. Rayukan mutane ne a hannunka.

Na san abin da za ka ce, kaya sun yi tsada. Gaskiya ne. A watan Yuli na 2023 iyakar Benin ta rufe, hanyar Kwatano ta toshe. Kaya da yawa sai da suka zagayo ta Lome da Burkina Faso. Iyakar Najeriya ma ta yi watanni a rufe kafin a buɗe ta a Maris na 2024. Duk wannan ya hau kan farashi. Kuma duk inda na gari ya yi tsada, nan na jabu ke samun ƙofa. A Maraɗi, a Katsina, a Ƙofar Ruwa ta Kano, akwai ƴan kasuwa masu amana da kaya na ƙwarai. Akwai kuma mai miƙa maka kwali ya ce "duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne! Wallahi ba ɗaya ba ne.

Masu motocin tsere a Turai da Japan ba sa canza sandan arbarkam shi kaɗai. Da sifirinsa da abin da yake dannawa suke canzawa, daga maƙerin da aka sani, kuma sai sun auna komai. To motarka ba ta tsere, amma wace wahala ce ba ta sha? Lodi ya wuce ƙa'ida. Rairayin Gulbin Kaba. Ƙurar hunturu. Zafin bazara da ke haura digiri 40. Injin da ke wannan aiki, shi za a sa wa tarkace?

Don haka kada ka aiki yaron mota sayen kayan kan inji. Je da kanka, tare da makanikenka. Ɗauki lambar shasi daga takardar mota. Ɗauki tsohon kayan da aka cire, a jera su, a gwada tsawo da kauri. Karɓi rasit. Wanda ya ƙi ba ka rasit, bar masa kayansa. In farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai, tambayi kanka dalili. In ƙarfinka bai kai sabo na asali ba, na Beljiyam mai lafiya ya fi sabon jabu. Amma duba shi da kyau. Bi kan kowane tozo da farce. In ka ji kaushi, ko rami, ko zane, ajiye shi.

Ku kuma iyayen gidanmu makanikai, amanar tana wuyanku. Kada ku ɗaura sabon sanda a kan tsofaffin kulbita, wato ƙarafan da tozaye ke dannawa, da suka ci. Nan da nan za su cinye shi. Kada ku canza bel ku bar tsohon gale, wato tayar da ke ɗaure bel ɗin. Ku shafa mai a kan tozaye kafin a tada inji. Ku daidaita tazarar supap da ma'auni, ba da kunne ba. Mai mota ya kawo muku jabu? Ku faɗa masa gaskiya a fuska, ko da zai yi fushi ya tafi.

Alhaji mai mota, direbanka ya ce inji na ƙara? Kada ka ce wayo yake maka. Ba shi kuɗin gyara. Sayi baƙin mai a galan mai hatimi, ba na kwalba a bakin titi ba. Yi bidanj a kan lokaci. Canza matatar iska, don ƙura na cin supap kamar yadda gara ke cin azara.

Shugabannin tasha, ku ma kuna ji. Motar da kan injinta ke ƙara, kada ku ba ta layi. Ku tsayar da ita. Fasinja bai san abin da ke cikin inji ba, da ku ya yarda.

Ɗan'uwa direba, yaushe rabon da a buɗe murfin kulas ɗinka? Yaushe aka canza bel? Wa ya sayo shi? A ina? In ba ka da amsa, kada ka yi lodi gobe. Don Allah kai motar gareji yau, a buɗe a gabanka, ka gani da idonka.