Gyaran Akwatin Raba Ƙarfi na Tsohuwar Land Rover

Damina ta kusa, hanyoyin ƙauye kuwa za su koma laka. Manomin da ke kai taki gona da tsohuwar Land Rover, da ɗan kasuwar da ke bin ƙauyuka sayen gyaɗa, duk sun dogara ga wani ƙaramin akwati da ke manne a bayan babban akwatin giya. Shi ne ke karɓar ƙarfin inji ya raba wa tayoyin gaba da na baya. In ya mutu a tsakiyar fadama, to, mota da kaya sai su kwana can.

Kamfanin Rover na Ingila ya fara ƙera motar nan a 1948, samfurin Series III kuwa ya tsaya a 1985. Daga farkon shekarun 1950 har zuwa wannan lokaci fasalin akwatin bai sāke da yawa ba. Akwai sanda biyu kusa da direba. In an danna mai kan rawaya ƙasa, tayoyi huɗu su kama. In an ja mai jan kai baya, mota ta shiga giyar ƙarfi, ta yi tafiyar hawainiya, amma ta ja kaya kamar bijimi.

Abu biyu ne suka fi kashe shi. Na fari rashin mai. Na biyu kuwa tafiya bisa kwalta da tayoyi huɗu a kame. A cikin akwatin nan babu abin da ke barin tayoyin gaba su fi na baya juyi a kwana, saboda haka a laka ko yashi taya ta kan ɗan zame ta huta, amma a kwalta babu zamiya, sai ƙarafa su yi ta murɗa juna. Da an hau kwalta sai a tsaya, a ja jar sanda baya har rawayar ta ɗago, sa'an nan a mai da ita gaba.

Alamar ciwo ba ta ɓuya. Za a ji kuka a ƙarƙashin kujera wanda ke ƙaruwa da gudu, ko a ga jar sanda tana fita da kanta. Wani lokaci birkin hannu ne zai ƙi kamawa, don kuwa gangarsa tana bayan akwatin, mai na yoyo a kanta.

In za a kwance, sai a tsiyaye man cikin kwano mai tsabta a duba shi da kyau. Ɓarɓashi mai ruwan tagulla na nuna wasoshin da ke gefen giyar tsakiya sun cinye. A cire farfela ta gaba da ta baya, da gangar birki, da murfin ƙasa. A nan ne baƙin makanikai ke yin ɓarna: akwai notuna a can ciki, bayan giyar tsakiya, waɗanda ke riƙe akwatin da babban akwatin giya. Sai an zare sandar giyar tsakiya an sauko da giyar kana a gan su. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauko guduma, jikin akwatin kuwa na alminiyam ne, ba ya jure duka.

A wanke kome da kananzir, a jera bisa buhu yadda aka fitar da shi. Sandar giyar tsakiya ita ce abar dubawa ta farko. In farce ya ji gurbi inda boris ke birgima, ta gama aiki, a sayi sabuwa tare da boris da wasoshinta gaba ɗaya. Sa sabon boris a kan tsohuwar sanda asarar kuɗi ce kawai. Manyan giyoyin kuwa ba su cika mutuwa ba, in haƙoransu ba su karye ko sun yi ramuka ba, a mai da su.

Amma fa gyaran nan ba a sayen sababbin kaya ya ke ba, a awo ya ke. Giyar tsakiya tana bukatar ɗan sarari na motsi gaba da baya, daga milimita 0.10 zuwa 0.20, watau kaurin takarda ɗaya ko biyu. Da siraran ƙarafa da a ke kira shim a ke daidaita shi, a sa su bayan wasa. In ya yi yawa giya ta yi ƙara, in ya yi kaɗan ta yi zafi ta ci wasoshi. Sandar da ke fitar da ƙarfi kuwa bisa boris biyu masu tsini ta ke, su kuma so su ke a ɗan matse su. Ga yadda a ke gwadawa: a naɗa igiya a cikin gurbin da ke jikin giyar ƙarfi ta kan sandar, a ɗaura ta ga ma'aunin rataye irin na masu sayen fata, a ja a hankali. In sandar na juyawa ma'auni na nuna laba 2 zuwa 4, ya yi daidai. In ya kasa haka a rage shim a bayan gidan wayar mitar gudu, in ya wuce a ƙara. Makanikin da ya ce hannunsa ya ishe shi awo, mai mota ya roƙe shi ya aro ma'auni.

Robobin tare mai duka a sa sababbi, amma a duba wuyan ƙarfen da robar ke gogawa. In ya yi zobe, sabuwar roba ma za ta yi yoyo cikin mako kaɗan. A ɗaure babban notin baya sosai a sa masa fil. In ya yi sako-sako, allurar mitar gudu ta kan yi ta rawa, mutane su yi ta canja waya a banza.

Mai kuwa man giya ne lamba 90, wajen lita 2 da rabi, a zuba har ya fara fitowa ta ramin gefe. Akwatin nan da babban akwatin giya kowa da mansa, cika ɗaya bai cika ɗayan ba. Duk ranar da mota ta ƙetare rafi mai zurfi a buɗe a duba, in man ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, a zubar da shi a ranar.